Ranar da Kaka Ta Shiga Layi

Ƙanshin sitaci ne ya tashe ni a safiyar nan, sitaci da ɗan hayaƙin gawayi. Ba a kawo wuta ba, shi ya sa Mama ta ɗauko tsohon dutsen guga, ta cika masa ciki da garwashi, ta shimfiɗa farar shaddar Baba a kan tabarma a tsakar gida. Takan tsoma yatsu a ruwa ta yayyafa, ƙarfen ya yi ƙara, tururi ya tashi ya rufe mata fuska. Na jingina da ƙofar ɗakinmu ina kallo, ban gama wartsakewa ba. Ranar ce jam'iyyar su Baba za ta fitar da wanda zai tsaya mata takarar kansila a mazaɓarmu ta Samaru. Baba ne a kan kujerar, kuma yana so ya zarce.

Kafin siyasa Baba malamin firamare ne, har yau ma Malam ake ce masa. Ina ƙarama ya fara neman kansila, kuma abin da na riƙe daga wannan karon shi ne fastocin takara masu hotonsa. A PZ, unguwar shaguna, aka bugo su. Tawada ta yi wa hoton yawa, sai Baba ya fito baƙi ƙirin, ba abin da ake gani sai haƙora da hula. Ni dai a wurina babu kyakkyawa kamarsa. In za ni makaranta nakan rage sauri a gaban kowace fasta in gaishe ta a zuci. Bai ci ba. Ya dawo gida da yamma, ya tuɓe takalmi, ya ce, “Sun ce tukuna.” Washegari ya ɗauki alli ya koma aji.

Karo na biyu ya ci. Da wa'adinsu ya ƙare aka ɗan jima ba a yi zaɓe ba, kantoma ne ke riƙe da ƙaramar hukuma, sai ya zauna a gida, amma mutane ba su daina ce masa kansila ba, ba su kuma daina zuwa ba. Da aka sake buɗe fage ya fito, ya sake ci. A shekarun nan ne aka yi kwalbati a inda ruwa ke yanke layinmu duk damina, aka haƙa burtsatse a bayan kasuwa, aka kawo taransifomar da ya yi ta zarya sakatariya a kanta har ma'aikatan suka fara ɓuya in sun hango hularsa.

Amma yawancin aikin kansila, yadda na gan shi daga cikin gida, zama ne a kan benci. Bencin suna, bencin biki, bencin ta'aziyya, a gidan Musulmi da na Kirista. Rabon faɗa tsakanin maƙwabta a kan kwata. Sasanta mai gida da ɗaliban jami'a da ke haya, waɗanda sukan zo suna zuba Turanci da Hausa a haɗe har sai Baba ya ce, “To, a ɗauki yare ɗaya.” Tun gari bai gama wayewa ba ake ƙwanƙwasa mana ƙofa. Tukunyar Mama ta yi ta girma har ta koma irin ta gidan biki, domin Baba ba ya yarda mutum ya zo da kukansa ya tafi da yunwa. Shi kansa a tsaye yake cin nasa, waya a kunne, tuwon ya huce. Ya bar ƙungiyar mawaƙa ta coci domin ba ya samun zuwa koyo. Wuyan rigunansa ya yi masa yawa, kuma akwai wata ƙwayar hawan jini da kullum sai Mama ta bi shi da ita har bakin titi.

Ni kuwa ina son gidan a haka. Ina son takalman da ke jere a ƙofar zaure, kowanne da irin ƙurar unguwarsa. Nakan zauna a bayan labule ina tunanin rayuwar masu su. In na je sayen ƙosai aka ce “a ba 'yar kansila gyara,” sai in sunkuyar da kai, amma daɗi nake ji.

Wanda ya fito neman kujerar a wannan karo na ƙarshe ba baƙo ba ne. Mijin ƙanwar Mama ne, muna ce masa Kawu, matarsa kuma Anti. A Samaru suke zaune, amma shagonsa na kayan wuta yana PZ, inda yake ciniki da Hausa, ya juya ya yi da Pidgin, in ta kama ya jefa 'yar Ibo. Matasa da 'yan kasuwa ne suka taso shi, suka ce Malam ya yi, a gode masa, a ba wani. Bai yi a ɓoye ba. Ya zo gidanmu bayan sujadar Lahadi, ya cire hula.

“Yaya, sun matsa mini.”

“Su suka matsa maka, ko kai ka matsa musu su matsa maka?”

Kawu ya yi dariya har da buga cinya. “To, rabi da rabi.”

“Ba komai. Fili na kowa ne. Amma ka sani ba zan janye ba.”

“Ai da ka janye da ban ji daɗi ba. So nake in kayar da kai da rana tsaka.”

“Wanke hannu mu ci abinci, ɗan kasuwa. Ka ci da yawa, in ka shiga ba za ka ƙara cin mai zafi ba.”

Jam'iyya ta ce ba za a jefa ƙuri'a a akwati ba, layi za a yi. Ɗan takara zai tsaya a fili, masu sonsa su jeru a bayansa, maza daban mata daban, a bi ana taɓa kafaɗa ana ƙirgawa. A irin wannan zaɓe ba a cin amana a ɓoye. Wanda ya ci tuwonka jiya, yau za ka ga inda ya tsaya. Duk wanda ya san mazaɓar ya san maza sun rabu kusan daidai. Saura mata. Mata kuwa, da yawansu, ido suka zuba wa mutum ɗaya: kakata, mahaifiyar Mama da Anti.

Kaka ungozoma ce tun tana da ƙarfinta. Rabin matan unguwa ita ta karɓi haihuwarsu, ta yanke cibi, ta tsaya a kan wankan jego, ba ta taɓa tambayar mai naƙuda ko masallaci take zuwa ko coci ba. Wasu ma ita ta karɓi haihuwar iyayensu. Ba ta siyasa, katin jam'iyya ma Baba ne ya sa aka yanka mata tun takararsa ta farko. A zaɓukan baya ba wanda ya yi wahalar tambayarta, tun da surukinta ɗaya ne a fili. Yanzu ga surukai biyu. Inda ta tsaya, nan mata za su tsaya, kuma wanda mata suka bi shi ne kansila.

Abin da ya sa lamarin ya yi wuya, ba mai iya tambayarta. 'Ya'yanta biyu sun ce ba ruwansu, maza su ƙarata. Suruki kuwa ba ya haɗa ido da uwar matarsa, balle ya buɗe baki ya roƙe ta abu. Baba, mutumin da ke tsayawa gaban shugaban ƙaramar hukuma ya faɗi magana ba ƙifta ido, in ya shiga gidan Kaka sai ya koma kamar ɗan aji ɗaya. Wata yamma ya ce in raka shi, yau zai faɗa mata. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tsuguna can nesa kusa da turmi. Kaka ta ja mayafi ta juya tana kallon bango.

“Barka da yamma, Iya.”

“Barka kadai, Malam. Ya gajiya?”

“Babu gajiya. Ya ƙafar?”

“Da sauƙi. Ya jama'a?”

“Jama'a lafiya. Ya zafin nan?”

“Lokacinsa ne.”

Baba ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa.

“Iya, dama na ce…”

“Na'am.”

“Na ce ko rufin ɗakin nan yana yoyo, tun da damina ta matso.”

“Ba ya yoyo, Malam. Ai bara ka gyara shi.”

“To. To madalla. A huta lafiya.”

Muna fita titi ya share zufa ya ce mini, “Na kusa faɗa fa.”

Na ce, “Na gani, Baba.”

Kawu ma ya gwada. Kaka ce ta ba ni labarin tana dariya har da hawaye. Wai mutumin da ke iya sayar wa makaho fitila ya zo ya tsuguna, ya yi ta kewaye, ƙarshe ya tambaye ta lafiyar akuyarta, akuyar da aka yanka tun Kirsimeti.

Da baki ya gagara, sai aka koma aike. Ni ce 'yar aiken Baba, domin jika ba ta da shamaki da kaka, abin da na ga dama nake gaya mata, ita ma haka. Lokacin na shiga jami'a ke nan, in na taso daga lacca sai in biya.

“Ƙawata, yau kuma da me aka aiko ki?”

“Zuma, daga ƙauyen Bomo.”

“Jiya wancan ya aiko da fanka. Fanka, ga wuta ba ta zuwa. In zaɓen nan ya daɗe shago zan buɗe.”

“Kaka, tsakani da Allah, layin wa za ki bi?”

“Wanda ya fi inuwa.”

“Tsohuwar nan, kin cika wayo.”

“Ke kuma kin cika barci. Ji idonki. Kina tafiya kina ƙirga gajimare, wata rana mashin zai kwashe ki. Wa zai auri mace irin wannan?”

“Wanda ya aure ki ma ai ya yi haƙuri.”

“Ya yi sa'a dai. Miƙo mini cokali in ɗanɗana zumar ubanki, ko ta sukari ce.”

Na koma gida na ce wa Baba ta ji daɗin zumar. Ya ce, “Ta ce wani abu?” Na ce ta ce inuwa take so. Ya daɗe yana juya maganar, har ya yanke cewa alama ce mai kyau, tun da shi ne babba.

To, ranar ta zo. Baba ya sa shaddar, Mama ta gyara masa zaman hula, muka fita tare zuwa filin firamare. Bazara ce, mangwaro ya nuna, ƙudaje na bin ɓawon da yara suka zubar. Jami'an jam'iyya sun kafa tebur a barandar wani aji. Baba ya tsaya a gabas, Kawu a yamma, tsakaninsu fili kamar na ƙwallo. Maza suka jeru nan da nan, suna jifan juna da ba'a. Na ga wani tela da ya yi shekaru yana karyawa a gidanmu ya ja hula ya rufe goshi, ya lallaɓa ya shige layin Kawu. Baba ya gan shi, ya ɗaga masa hannu. Telan ya rasa inda zai sa kansa.

Mama ce ta farko a layin mata na Baba, ni ina bayanta, sai 'yan zumuntar mata na cocinmu da wasu maƙwabta. Anti ma ta tsaya a nata ɓangaren da nata mutanen. Amma yawancin mata ba su tashi ba. Suna zaune a gindin darbejiya da mangwaro, mayafai kala-kala, wasu na ba da nono, wasu na fifita da gefen zane, kamar waɗanda suka zo kallo. Jami'i ya yi ta magana a lasifika, “Iyayenmu mata, a taimaka a shiga layi!” Ba wadda ta motsa.

Sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya a bakin fili. Kaka ta sauko a hankali, ƙafa ɗaya, sannan ɗayar, ta karɓi sandarta. Ta sa atamfar da take zuwa coci da ita ranar Ista. Surutu ya ɗauke. Na ji kukan wata kurciya a kan rufin aji, abin da ba zan taɓa ji ba a wannan taro in da ba a yi shirun ba.

Ta gefenmu ta shigo. Zuciyata ta yi fari, na taɓa bayan Mama. Da ta zo daidai inda Baba yake, sai ya sunkuyar da kai, kamar yadda ya saba, ita kuma ta ja mayafi ta kare fuskarta, kamar yadda ta saba. Ba ta tsaya ba. Ta ci gaba da dogara sanda, ta ratsa filin nan cikin rana, ita kaɗai, inuwarta 'yar ƙarama a ƙarƙashinta. Baba bai ga wucewarta ba, domin kansa na ƙasa. Sai da ya ji guɗa ta tashi daga yamma ya ɗago.

Matan gindin bishiya suka miƙe kusan tare, suna kaɗe zane, suna gyara goyo. Ba duka suka bi ta ba, wasu sun zo wurinmu, kuma har yau ina riƙe da fuskokinsu. Amma layin Kawu ya yi ta tsawo har ya lanƙwasa ta bayan aji. Na leƙa fuskar Mama. Gaba take kallo, zufa na gangaro mata ta bayan kunne, ba ta juya ko sau ɗaya ba.

Aka ƙirga, aka faɗa a lasifika cewa Kawu ne ya yi nasara. Baba bai jira an gama tafi ba. Ya taka har wurin Kawu ya kama hannunsa ya ɗaga sama. Kawu, duk bakinsa, sai maimaitawa yake yi, “Yaya, Yaya.” Daga nan Baba ya wuce inda aka ba Kaka kujera a inuwa, ya tuɓe takalmi a kan ƙasa mai zafi, ya tsuguna da farar shaddarsa.

“Sannu da rana, Iya.”

“Sannu, Malam. A je a sha ruwa.”

Ba zan ce bai ji ciwo ba. Kwanakin farko yakan tashi da sassafe ya yi wanka ya sa hula ya zauna a zaure, ba mai ƙwanƙwasawa sai mai kawo madara. Yakan duba wayarsa ko ta mutu ne. Ya gama sauran wa'adinsa, ya yi wa Kawu yawon neman ƙuri'a a babban zaɓe, gida-gida, kuma Kawu ya ci. Amma sunan Kaka bai fito daga bakinsa ba na tsawon lokaci, ko da yake bai fasa zuwa gaishe ta ba. Ni ma na yi mata yaji. Da na koma ta dube ni ta ce, “Zumar ta ƙare ne aka daina aiko ki?” Na tambaye ta dalilin da ya sa ta bi layin Kawu. Ta ce ƙafarta ce ta kai ta, in tambayi ƙafar.

Damina ta sauka. Baba yana da wata gona a Bomo da ya bar wa wani yana nomawa, sai ya karɓi abarsa. Ya fara fita da safe a kan tsohon mashin ɗinsa, ya dawo da laka har gwiwa da yunwa irin ta manomi. A karo na farko tun ina yarinya na ga ya zauna a tabarma ya cinye tuwo yana tururi, har ya ce a ƙara miya. Mama ta mayar da babbar tukunya ɗakin ajiya. Ya koma cikin mawaƙa, muryarsa ta ɗan yi tsatsa, amma ranar Lahadi in suka tashi ina iya tsinto ta a cikin sauran. Da yamma sukan zauna su biyu a tsakar gida suna ɓare masara, yana ba ta labarin wani tsuntsu da ke cin masa dawa kamar labarin abokin hamayya, tana dariya. Wani lokaci nakan rufe littafina in saurare su kawai. Ban san gidanmu yana da irin wannan sautin ba.

Takalman suka koma ƙofar Anti. Kawu ya yi wa'adinsa, ya yi ƙoƙari, shi ne ma ya sa aka gyara magudanar kasuwa. Furfura ta fito masa, tumbinsa ya zube. Duk ranar da abu ya cushe masa sai ya zo wurin Baba, su zauna a zaure, Baba yana ba shi shawara yana tsokanarsa, “Honarabul, yaushe rabonka da mai zafi?” Da wa'adin ya cika Kawu bai sake nema ba, ya ce shagonsa na kiransa.

Kaka ta rasu cikin tsufa mai kyau, a ɗakinta, matan unguwa sun cika gidan har titi. Baba ne ya tsaya a kan komai.

Bayan shekaru, na gama karatu har na fara koyarwa, ruwa ya tare ni a PZ wata rana da azahar, na fake a shagon Kawu. Ya fita, Anti ce ke tsare da shagon. Ta ba ni kujera a tsakanin kwalayen ƙwan fitila, muna kallon ruwa yana dukan rumfunan 'yan kasuwa. Hira ta kai mu kan lafiyar Kawu, wanda har lokacin bai gama mayar da jikinsa ba.

Ta ce, “Ai duk Yaya ce ta ja mini. Ta sauke kayanta ta ɗora mini a ka.”

“Wace yayar?”

“Yaya nawa gare ni? Uwarki mana.” Ta dube ni da kyau. “Au, ba ki sani ba?”

Na ce ban san komai ba.

Ta ce ita ma sai daga baya Kaka ta gaya mata. Ana saura 'yan kwanaki a yi layin, Mama ta je gidan Kaka ita kaɗai da hantsi, lokacin da Baba ya tafi sakatariya. Ta durƙusa ta ce likita ya gaya mata jinin Malam ya hau inda ba a so, kuma ta san ko za a yanka shi ba zai janye ba, ita kuma ba za ta iya tsayawa a bayan wani ba shi ba. Ta ce, “Iya, unguwa ta ci rabonta. Ki taimake ni a bar mini sauran.”

Mama ce ta roƙi Kaka ta bi layin Kawu.